Amsoshin Wasiƙunku: Wace Masaƙa Ta Dace da Mai Fara Koyon Saƙa?

Wannan fili ne da muke buga amsoshin da aka karanta a rediyo, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa. A wannan mako wasiƙu uku muka haɗa wuri guda, domin duk kan abu ɗaya suke magana, watau saƙa, kuma dukkansu daga yanki ɗaya suka fito a Jihar Zamfara.

Ta farko daga wani manomi ce a Bakura. Ya ce ya gani a wayar ɗansa wata 'yar ƙaramar masaƙa irin ta Turawa da ake ɗorawa bisa tebur, abin ya ba shi sha'awa, yana so in ya sayar da shinkafa ya aika a sayo masa, don ya riƙa taɓawa da marece. Yana tambaya ko wace iri zai saya. Ta biyu wata matar aure ce daga Talata Mafara, wadda ta ce kakarta ta yi saƙar gwado, amma yau babu wanda ya iya a gidansu, ita kuwa tana neman sana'ar da za ta yi a cikin gida. Na uku ɗan kasuwa ne daga Maradun, shi tambayarsa gajeriya ce: wai shin akwai riba, ko kuwa ɓata lokaci ne?

To, mun gode muku da waɗannan tambayoyi, Allah Ya bar zumunci. Sai ku gyara zama, domin amsar tana da ɗan tsawo. Kuɗin amfanin gona ba abin wasa ba ne, bai kamata mutum ya zuba su a kan katakon da zai ƙare a bayan rumbu gara na ci ba.

AIKIN DA KOWACE MASAƘA KE YI

Kafin ka zaɓi masaƙa, Malam, fara sanin aikinta. Kowane tufafi da aka saƙa zare biyu ne suka sarƙe da juna. Akwai zaren da ke miƙe bisa tsawon masaƙa, wanda ake ja tun farko, shi ne zaren waɗari. Akwai kuma wanda ke gittawa, yana shiga yana fita tsakaninsu. Aikin masaƙa uku ne kacal. Na ɗaya, ta riƙe zaren waɗari a miƙe tam. Na biyu, ta ɗaga rabinsa sama ta bar rabi ƙasa, don a sami ƙofar da zaren gicciye zai wuce. Na uku, a sami abin da za a buga zaren da ya wuce ya matsu da ɗan'uwansa. Daga masaƙar kakanninmu har zuwa injin da ke manyan masaƙu, wannan aiki ne dai ake yi, bambancin kawai sauri da faɗi. Saboda haka duk masaƙar da aka nuna maka, tambayi yadda take yin waɗannan abubuwa uku. In ta gaza a guda, ko da kwalliyarta ta kai ta amarya, bar ta.

MASAƘAR MAZA

Wannan ita ce wadda kowa ya sani a ƙasar Hausa, ta zaune, mai fitar da ƙyalle siriri mai tsawo, wanda masaƙa ke kira ƙwarya. Masaƙi yana zaune a ƙarƙashin rumfa ko gindin itace, zaren waɗari ya miƙe a gabansa taku goma ko fiye, an ɗaure ƙarshensa a jikin kunkuru, watau wani ɗan katako da ake ɗora wa dutse don ya ja zaren ya miƙe. Allira biyu, wadda wasu ke ce wa andira, su ke ɗaga zare da saukar da shi, kuma da ƙafa ake sarrafa su ta hanyar mataki. Ƙoshiya ke ɗauke da kwarkwaron zare tana kai da komo, matsefi ke bugawa, abin da aka saƙa kuma ana naɗe shi a jikin takala da ke gaban masaƙi.

Amfaninta shi ne sauri. Tun da ƙafa ke buɗe ƙofar zare, hannu biyu ba su da aiki sai jifan ƙoshiya da bugu. Kuma kusan kome nata a gida ake yi: sanduna, igiya, allirar zare, da matsefin da ake tsagawa daga tukurwa ko gora. In abu ya karye, nan take ake gyarawa.

Amma fa tana da nata sharuɗɗa. Tana son fili mai tsawo, don haka ba ta shiga ɗaki. Ƙyallen da take fitarwa siriri ne, galibi kamar inci huɗu, ko da yake akwai wanda bai kai faɗin yatsa biyu ba, irin turkuɗin da ake kai wa marinan Kura a Jihar Kano, akwai kuma mai faɗi da ake yin luru da shi. Ke nan in zane kake so mai faɗin inci 48, sai ka saƙa ƙwarya goma sha biyu, sa'an nan a bi su da allura a haɗa. Abu na ƙarshe, ba a koyonta da ka. Tilas sai ka zauna gaban wanda ya iya, musamman wajen waɗari da shigar da zare cikin allira.

MASAƘAR MATA

Malama mai tambaya daga Talata Mafara, wannan ita ce wadda kakarki ta yi aiki da ita. A tsaye take: dirkoki biyu, sanda ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, a jingine da bango cikin ɗaki ko a rumfar tsakar gida. Ana kewaya zaren waɗari ne a jikin sandunan nan biyu, saboda haka tsawon abin da za ki saƙa kusan ninki biyu ne na tazarar da ke tsakanin sandar sama da ta ƙasa. Babu mataki. Da hannu ake jan allira, a zura akwasha, wani katako mai kama da takobi, a karkata shi ƙofa ta buɗe, a wuce da zare, sa'an nan a buga da shi.

Ba ta da saurin ta maza, gaskiya ce. Amma tana ba da ƙyalle mai faɗin kamu guda ko fiye, ta yadda fale biyu ko uku sun isa gwado ko zanen goyo. Tana karɓar abawa, watau zaren nan mai kauri da taushi da tsofaffi ke kaɗawa da mazari. Ba ta cin wuri, kuma kina iya barin aiki a kanta ki je ki duba tukunya ki dawo. Kada kuma a raina ta: da irin wannan masaƙa ta tsaye matan Bida da Okene da Akwete suke saƙa zannuwan da suka yi suna a duk Nijeriya.

MASAƘAR TEBUR

To, Malam na Bakura, ga abin da ka gani a waya. Masaƙun tebur iri biyu ne, kuma da yawa masu saye ba su bambance su sai kaya sun iso.

Iri na farko shi ne mai matsefi ɗaya. Wani ɗan firam ne na katako, da abin naɗi a gaba da baya. Hikimarsa tana cikin matsefin: haƙoransa suna da 'yar huda a tsakiya, tsakanin haƙori da haƙori kuma akwai tsaga. Zare ɗaya ya bi huda, na kusa da shi ya bi tsaga, haka har ƙarshe. In ka ɗaga matsefin, zaren huda ya hau sama. In ka danna shi ƙasa, ya sauka. Sa'an nan da shi ɗin dai za ka buga. Watau abu guda ya haɗa aikin allira da na matsefi. Wannan ne ya sa ya fi kowanne sauƙin koyo, mutum na iya ɗora zare ya fara saƙa a wuni ɗaya. Saƙar da yake yi ita ce ta yau da kullum, ɗaya sama ɗaya ƙasa, wadda ita ce ta gwado da fari da saƙi. Adon ratsi da na dara duk yana yi, tun da wannan daga launin zare yake fitowa.

Iri na biyu shi ne mai allira huɗu ko takwas, kowace da ɗan hannun da ake ja. Wannan yana fitar da zane-zane a jikin saƙa, kamar irin karkatattun layukan da kuke gani a wandon jins. Amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, ya fi nauyi, kuma sai an zura kowane zare ɗaya bayan ɗaya cikin idon allirarsa bisa tsari. In ka kuskure guda, aibin zai bi ƙyallen tun daga farko har ƙarshe. Bugu da ƙari, tun da hannu ke jan allira, sai ka ajiye ƙoshiya ka ja, ka sake ɗauka. Masaƙin gargajiya mai mataki zai wuce ka fintinkau.

Kamfanonin da suka shahara da ƙera waɗannan masaƙu suna ƙasashen waje ne, kamar Ashford a Niyu Zilan, da Schacht a Amurka, da Louët a Holan. Can ana yin su ne domin masu saƙar sha'awa, waɗanda ke saƙa mayafin wuya na ulu lokacin sanyi. Wannan magana ka riƙe ta da kyau, domin ita ce za ta bayyana maka abin da ke tafe.

ABUBUWA UKU DA ZA KA DUBA

Na farko, faɗi. Masaƙar tebur mai matsefi ɗaya ana yin ta daga mai inci 10, da 16, da 24, da 32, har 48. Zuciya za ta ce maka ɗauki babba, ai babba ya ƙunshi ƙarami. Kada ka biye mata. Babbar masaƙa tana cin zare da yawa tun kafin ka iya, hannu na gajiya wajen miƙawa, kuma da wuya sabon shiga ya daidaita ƙarfin zare a faɗi mai yawa. Ƙarama ainun kuma, mai inci 10, ba ta wuce ɗamara da mayafin wuya. Inci 16 zuwa 24 shi ne madaidaici. Ka kuma sani ƙyalle yana tsukewa: abin da ka ɗora a inci 16, bayan an sauke an wanke, kamar 14 zai koma. Mu da muka gāji haɗa ƙwarya da ƙwarya, wannan ba matsala ba ce. Fale uku na inci 14 sun ba ka zane mai inci 42.

Na biyu, matsefi. Kowane matsefi yana da lamba, ita ce yawan zaren da ke shiga cikin inci guda. Akwai mai 7 da rabi ko 8, akwai 10, akwai 12 ko 12 da rabi, akwai 15. Yawancin masaƙun nan suna zuwa ne da mai 7 da rabi ko 8, wanda aka yi domin ulu mai kauri. In ka sa masa zaren audugarmu siriri, abin da zai fito ya fi kama da koma ta masunta. Ga dabarar gane wanda ya dace: ɗauki rula, ka naɗa zarenka a jikinta, zare na taɓa zare ba tare da matsi ba, har ya cika inci guda. Ƙirga, ka raba biyu. In ka sami 24, matsefi mai 12 kake bukata. In ka sami 16, mai 8 ne. Saboda haka zare ake fara nema, sa'an nan matsefi, sa'an nan masaƙa. Wanda ya juya wannan tsari shi ke yin da na sani.

Na uku, zaren kansa. Zaren waɗari shi ke shan wahala, ana jansa, matsefi na gugarsa, don haka tilas ya zama mai ƙarfi, mai murɗi sosai, zai fi kyau a ce biyu ne aka murɗe wuri guda. Gwada shi: kama da hannu biyu ka fizga. In ya tsinke cikin sauƙi, ko ya saɓule, ajiye shi don gicciye. Abawa ta gicciye ce, kada a yi waɗari da ita. Zaren keken ɗinki kuwa ya yi siriri ƙwarai ga masaƙa mai matsefi ɗaya, sai dai a ninka shi. Ulun roba da mata ke saƙa hular jarirai da shi yana da araha kuma ana samunsa a kasuwannin Gusau da Sakkwato da Kano. Yana da kyau don koyo, sai dai yana miƙewa, don haka kada a ja shi da ƙarfi. Da hunturu kuma, lokacin da iska ta bushe, zaren auduga na yawan tsinkewa. Maganinsa shi ne wanda masaƙanmu suka daɗe da sani: a tsoma zaren waɗari cikin dafaffen ruwan gasara ko sitacin rogo marar kauri, a shanya ya bushe kafin a ɗora.

LISSAFIN ZARE

Ɗan kasuwa ba ya shiga harka sai da lissafi, to ga misali. A ce kana son ƙyalle mai tsawon yadi biyu, ka ɗora shi a faɗin inci 15, da matsefi mai 12. Inci 15 sau 12, zare 180 ke nan a waɗari. Kowane zare ba yadi biyu za ka yanka ba. Ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda tsukewa, ka ƙara kamar rabin yadi saboda bakin zaren da ake ɗaurewa gaba da baya wanda ba ya saƙuwa. Don kwanciyar rai, ce yadi uku. Zare 180 sau uku, yadi 540.

Saura na gicciye. Za ka saƙa kamar inci 80, kowane inci ƙoshiya ta wuce sau 12, watau sau 960. Kowace wucewa tana cin kamar inci 16 da rabi, tun da zaren lanƙwasa yake yi yana hawa da sauka. Wannan ya kama yadi 440. Jimla, kusan yadi 1,000 na zare domin ƙyalle ɗaya. Je ka tambayi kuɗin wannan zare a kasuwar Talata, ka ƙara ladan kwanakin da ka yi, sa'an nan ka kwatanta da abin da mai saye zai iya biya. Lura kuma, rabin yadin nan da ke lalacewa ɗaya ne ko ƙyalle ɗaya ka ɗora ko uku. Don haka in hannunka ya faɗa, riƙa yin waɗarin abu biyu ko uku a lokaci guda.

A SAYO, KO A BA KAFINTA?

Masaƙar waje da dala ake sayenta, ga kuɗin dako, ga na kwastan. In matsefinta na roba ya karye, ko wani ɗan haƙori ya gutsure, babu shagon da za ka je a Mafara ko Gusau ka ce a ba ka irinsa. In dai ka nace sai ita, to ka sa a haɗo maka da matsefi biyu masu lamba daban, mai 10 da mai 12 ko 15, da ƙoshiya biyu, da 'yar ƙugiyar zura zare. Tabbatar kuma masaƙa ce mai abin naɗi gaba da baya. Akwai wasu 'yan firam masu ƙusoshi da ake tallatawa da sunan masaƙa, waɗanda ba su saƙa abin da ya wuce tsawonsu. Na wasan yara ne da adon bango.

Amma shawararmu ita ce ka fara nuna wa kafintan garinku hoton. Firam ɗin ba wani abin wahala ba ne: katako biyu a gefe, biyu a gicciye, da mulmulallun sanduna biyu masu juyawa. Wurare uku ne ke son kulawa. Katakon ya zama busasshe sarai, mai tauri irin maɗaci ko ƙirya, domin ɗanye zai karkace da zarar hunturu ya buga, masaƙa kuwa in ta karkace gefe ɗaya na ƙyalle zai fi ɗaya tsawo. Sai birkin abin naɗi, wani faifai mai haƙora da ɗan harshen da ke tare shi. Mai walda zai iya yanka maka shi daga farantin ƙarfe. Sai matsefi, wanda ake jera siraran tsinkayen gora ko katako masu huda a tsakiya, tazararsu daidai wa daida. A goge kowace huda da kowane gefe da sanfefa har ya yi sumul, domin ƙaramin ƙaiƙayi ya isa ya yanke zare. In an gama a shafa mai, a kuma riƙa rataye ta ko a ɗora bisa wani abu, kada a bar ta a ƙasa saboda gara.

In kuwa ta hannu ce ka samu, wadda wani ya yi amfani da ita, ɗora ta bisa daɓe mai daidai ka ga ko tana rawa. Auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangare biyu, su zo ɗaya. Juya abin naɗi ka ja da ƙarfi ka ga ko birki na riƙewa. Ƙirga haƙoran matsefi. Araha ba ta ado.

MAGANAR RIBA

Alhaji na Maradun, ga taka. A da, saƙa ita ce babbar sana'ar ƙasar Hausa bayan noma. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tumbutu da Tarabulus. Ƙasar Zamfara kuwa tana cikin wuraren da suka yi suna da noman auduga, abin da ya sa Turawa suka kafa injin gurzar auduga a Gusau, daga baya kuma a shekarun 1960 aka buɗe masaƙar zamani a garin. Kaduna ta riga da tata a 1957. Yadin inji ya danne saƙar hannu, sa'an nan shi ma yadin waje mai araha ya zo ya danne injin: masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, ta Gusau ita ma ta tsaya.

Darasin da ke ciki a fili yake. In manyan injuna sun kasa gasa da yadin waje a farashi, mai ƙoshiya ɗaya ba zai iya ba. Wanda ya saƙa farin yadi don ya yi gogayya da na Kantin Kwari ya yi asarar zarensa da kwanakinsa. Inda saƙar hannu ke da kasuwa shi ne abin da inji ba ya yi, ko wanda jama'a ke so don na hannu ne: gwado da luru lokacin sanyi, zanen goyo mai ƙarfi, zanen saƙi na amare da masu wasan al'ada, ƙyallen da ake ɗinka rigunan sarauta da shi, jakunkuna, da shimfiɗar kujera. Dubi Yarabawa, har gobe masaƙan Ilori da Iseyin suna cin abinci da saƙar hannu, domin ba a biki can sai da ita.

Saboda haka riba akwai, amma ba ta gaggawa ba ce, kuma ba daga masaƙar tebur za ta fara zuwa ba, don ba ta da sauri. In ciniki kake nufi, nemi masaƙan da suka rage a ƙauyukan da ke kewaye da kai, ka ba su zare mai kyau wanda launinsa ba ya zuba, ka gaya musu awon da masu saye ke so, kai kuma ka nemi kasuwa. Kafin ka zuba jari, kai samfur biyu ko uku ga masu sayar da kayan aure ka ji abin da za su taya.

TO, WACE ZA A ƊAUKA?

Malam na Bakura, ku da kuke noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Bakolori, wadda aka gama a 1978, ba ku da dogon hutun rani irin na sauran manoma. Lokacinka ɗan marece ne da bayan sallar isha'i. Masaƙar tebur mai matsefi ɗaya, mai inci 16 zuwa 24, ta dace da kai, domin kana iya ɗora ta a cinya ka jingina da benci, ka yi rabin awa ka rataye. Mai allira huɗu ka bar ta tukuna. In ka shekara kana saƙa sha'awar ba ta gushe ba, lokacin ka san abin da kake nema.

Malama ta Talata Mafara, ke kam ba ki bukatar aikawa ko'ina. Sanduna huɗu da akwasha sun ishe ki, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi masaƙar wuyar samu shi ne mai koyarwa. Ki sa a bincika miki a unguwa ko a ƙauyen dangi, ko akwai tsohuwar da ta taɓa yi. Ki je da goronki, ki ce, "Inna, na zo ki koya mini." Kada ki jinkirta, domin masu wannan ilimi suna ƙarewa, kuma yawancinsa a hannunsu yake, ba a rubuce ba.

Akwai kuma waɗanda rashin tsaron da ya addabi wannan yanki cikin shekarun nan ya raba su da gonakinsu na nesa, suna zaune a gari hannu rabbana. Ba mu ce saƙa za ta maye gurbin gona ba. Amma sana'a ce da ake yi a cikin gida, jarinta kaɗan ne, kuma in tashi ya kama, allira da matsefi da ƙoshiya duk suna shiga buhu guda.

Ga duk wanda zai fara, ƙyallen farko ba na sayarwa ba ne. Gefensa zai yi ciki da waje, wani wuri ya matsu, wani ya saki. Kada wannan ya karya maka gwiwa, da koyo akan iya. Fara da zare mai araha, mai launi biyu masu haske don ka riƙa ganin kuskurenka. Kada ka fizgi zaren gicciye, bar shi ya ɗan karkata kafin ka buga, shi ke hana gefe tsukewa. Buga da ƙarfi iri ɗaya. Ajiye wannan na farkon, ka kwatanta shi da na biyar.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Masaƙan da ke sauraronmu kuma, na Mafara da Bakura da Maradun da sauran wurare, in akwai sunan wani kayan aiki da ya bambanta a garinku, ko wata dabara da kuka gāda, ku rubuto mana, za mu karanta domin kowa ya amfana.